Zoben Barira

Sana'ata azurfa ce, ba likitanci ba.
Rumfata na bakin kasuwar Tudun Wada,
tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalma.
Shekara talatin ina zura wa mutane zobe,
ran nan aka kawo mini na cirewa.

Mijin ne ya yi magana, ita tana bayansa:
"Baba, zoben lefenta ne ya matse.
Mun sa sabulu, mun sa man gyaɗa, ya ƙi."
Ta miƙo hannu.
Yatsu kamar rogon da ya kwana a ruwa,
azurfar ta nutse cikin nama.
Na ɗaga kai: fuska ta cika, ido ya shige,
ciki wata takwas, in ji shi.

Zobe ba ya ƙanƙancewa, ɗana.
Ni na san ƙarfe.

Na ce, "Barira, kanki fa?"
Ta ce kwana uku yana sara,
ƙwayar da ta sha kamar an zuba ruwa a kwando.
"Ido fa?"
Ta sunkuyar da kai, wai abin dariya ne,
tartsatsi take gani da rana tsaka
irin na maƙerata.
Sai ta dafe ƙasan haƙarƙari, wajen dama.

Awartaki ya suɓuce mini.

Haka Hansatu ta dafe, a ɗakinmu na Ƙofar Doka.
Aka ce kumburi adon mai ciki ne,
aka ce namiji ne, shi ya sa yake wahalar da ita.
Na yarda, har na yi murna.
Daren da jijjiga ta zo, ta ciji harshe,
muka turara hayaƙi, muka ce iska ce.
Kafin mu sami motar Shika an kira assalatu.
Ta bar ni da awarwaron da ban gama mata ba.

A barandar asibiti wata malama ta zauna kusa da ni,
ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi.
Ta ce mai ciki ba ta kwana da jini, ko ɗigo ne,
ba ta kwana da ruwan da ya fashe kafin lokaci,
ko zazzaɓi mai kaɗa haƙora,
ko ɗan da ya saba shuri ya yi tsit.
Na haddace kamar Fatiha,
ba ni da wadda zan biya wa.

Ƙas! Zoben ya rabu biyu.
Na ce, "Ɗanliti, kada ka biya gida.
Tari keke nan, ku wuce Ƙofar Gayan,
a auna jininta yanzu, ba bayan la'asar ba."
Ya ce, "Baba, ai awonta Alhamis ne."
Na ce ciwo bai san Alhamis ba.
Ya laluba aljihu zai biya ni,
na tura masa hannunsa: kuɗin mota ne.

Mako uku ban ji komai ba.
Kullum ina leƙen titi ta saman mazuga.

Ranar wata Asabar, ruwa ya ɗauke ke nan,
sai ga shi, wandonsa duk taɓo,
da ɓarin azurfa biyu a ƙulle cikin takardar magani.
"Ranar suka riƙe ta, jini ya hau ƙwarai.
Mace ce, Baba, 'yar mitsitsiya, amma tana kama nono.
Uwar ta ce a haɗa mata abinta."

Na hura wuta.
Hannuna na rawa, na ce tsufa ne.
Na haɗa, na ƙara masa faɗi kaɗan,
amma tabon haɗin na bar shi, ban goge ba,
ta riƙa jin sa da babban yatsa.