Keji na Sha Bakwai

A Hull, bayan tashar bas, inda iskar teku
ke shigowa ta ƙafar wando ba sallama,
akwai wani dogon gini mai warin sabulu da jiƙaƙƙen gashi.
Rakiya na yi wa maƙwabciyata Gillian,
ita ke son ɗan kwikwiyo.
Ni nawa riƙon lema ne kawai.

Kwikwiyoyi na gaba-gaba, kusa da ƙofa,
kamar tumatirin da ake ɗorawa a saman kwando.
Yara na ihu, ana ɗaukar hoto.
Ni kuwa ƙafa ta ja ni can ƙurya,
inda kwan fitila ya mutu ba a canza ba.

Keji na sha bakwai.
Baƙi ne, furfura ta ci baki har gira,
ƙugu a karkace, kunne ɗaya a yage.
Bai taso ba, bai kaɗa wutsiya ba.
Wanda ya daɗe a layi ya san ba shi ake kira ba.
A katinsa an rubuta: shekara sha ɗaya, kurma,
kwana ɗari huɗu da tara a nan.
Mai shi ya rasu,
'ya'ya suka raba kujeru da agogon bango,
shi ne bai shiga rabo ba.

Yarinyar da ke aiki a wurin ta ce,
"Baƙaƙe ba sa fita a hoto, sai a wuce su.
Tsofaffi kuma, mutane na tsoron kuka da wuri."
Na ce na sani.
Ban faɗa mata ta ina na sani ba.

An ce karen bana ke maganin zomon bana.
To ni ba ni da zomo.
Ɗaki biyu gare ni, da shiru,
da kofin Asabe, yana nan inda ta kife shi.

Da dare Yaya Lantana ta kira daga Gusau:
"Kare? Cikin gida? Sanyin Turai ya taɓa maka kai?
A ina za ka yi salla?"
Na ce, Yaya, darduma na sama,
shi kuma ƙugunsa ba ya hawa bene.
An raba mana iyaka tun kafin mu haɗu.
Ta ja tsaki har katin waya ya kusa ƙarewa,
sannan ta ce, "Yana dai cin abinci?"

Murphy ne sunansa na da. Dattijo nake ce masa.
Duk ɗaya ne a wurin kurma.
In ina son sa, sai in buga ƙasa da dunduniya sau biyu,
ya ji ni a haƙarƙarinsa.

Sati uku bai dube ni ba.
Ya ci, ya juya ya fuskanci bango.
Ya yi fitsari a kan takardar kuɗin wuta,
ban ga laifinsa ba.
Maganin ƙugunsa ya fi na hawan jinina tsada.

Sai wata Laraba, na dawo daga tuƙin dare,
na zauna a matakalar farko ina kwance igiyar takalmi,
na ji nauyi a bayan ƙafata.
Haɓarsa ce.
Ya saki numfashi irin na ɗan dako da ya sauke kaya.
Ban motsa ba har shayi ya huce,
har ƙafar ta mutu.

Yanzu da sassafe muna bin bakin Humber,
masu gudu na wuce mu da wayoyi a kunne.
Likita ya ce shekara ɗaya, ko biyu in an yi sa'a.
Ni ma ba wanda ya sa mini hannu a takarda.

Ɗan kwikwiyon Gillian ya cinye mata takalmi uku.
Keji na sha bakwai kuwa, na ji an sa wata,
mai ido ɗaya, ba ta son maza masu hula.
Ran Asabar zan bi ta wajen, kai a buɗe.
Dubawa kawai zan yi.