Ɓarawon Tari

A teburin mai shayi, Tudun Wada,
na fara ganin Lurwanu.
Ya zo da takarduna a naɗe kamar tabarma,
gefensu duk manja.
Ya ce, "Baba, wannan jimla ba ta taunuwa,
ta cika ƙashi."
Shekara arba'in ina riƙe da alƙalami,
sai na tura masa burodi
don kada bakina ya ɓaci.

Tun ranar, duk Laraba
yakan hawo acaɓa daga Samaru.
In ba shi kalmomin da kakata ta bar mini,
ya tauna, ya tofar da rabi.
Abin haushi,
rabin da ya rage ya fi zaƙi.

Da yana ta rufe mini ido,
shi ke karanta mini rubutuna,
yana cusa nasa a tsakiya,
wai shi a dole ban gane ba.

Daren wasa aka zaunar da ni a gaba.
Sai ga wani tsoho yana jan ƙafar hagu,
ya gyara hula da yatsa biyu,
ya yi tari sau uku kafin ya ce uffan.
Dandali ya kece da dariya.
Na taya su,
har tari ya sarƙe ni,
sau uku.

Da aka watse na kama kunnensa:
"Ɓarawo, maido mini tarina."
Ya ce, "Baba, ajiya na yi maka."

Har muka wuce Kwangila ban tanka ba,
hannuna dai na kan kafaɗarsa.