Matsefata

Lahadi, bayan la'asar, a Bradford,
hasken da ya rage bai cika cokali ba.
Na jawo kujera bakin taga,
na ce, Inna, ɗaga haɓa.

Gashi bakwai ne, na ƙirga.
Huɗu sun yi fari, uku sun ƙi tsufa.
Tun da hannun damanta ya daina jin magana
su take fara shafawa da safe
kafin ta tambayi shayi.

Makon jiya ta ce in ba ta reza.
Na hana. Maganin da take sha ya tsinka jini,
ɗan yanka kaɗan sai ya jiƙa tawul.
Ta ce, to halawa.
Na dafa sukari da lemun tsami
har ƙararrawar hayaƙi ta tashi gidan,
Misis Akhtar ta sauko daga bene ba takalmi.
Na ɗiga a wuyan hannuna in ji zafi,
ga tabon nan kamar ƙwayar wake.
Fatar Inna kuwa ta koma ɓawon albasa,
ban bari halawar ta kusance ta ba.
Da ta huce muka lashe abarmu da yatsa.

Saura matsefata.
Na tafasa ta, na bar ta ta sha iska,
na ɗora tsumma mai ɗumi a haɓa
tsawon salati goma.
Yatsu biyu suka miƙe fata,
na kama daga gindi,
na bi da shi inda ya dosa.
Gashi rogo ne, in ji ta,
mai gaggawa a ƙasa yake barin rabi.

A gidan tsofaffin da nake kwana aiki
na yi wa mata da yawa haka,
ina yi ina duban agogo.
Babu wadda ta taɓa goya ni a cikinsu.
Nan ne kawai hannuna yake rawa.

Na shida ya sa ta hawaye,
ta ce sanyin taga ne.
Na bakwai yana kan tawadar Allah,
shi ba a tuge shi.
Na sa ɗan almakashi na rage masa tsawo.
Ta ce, bar shi ya yi gadi.

Ruwan sanyi. Man kaɗe a kan yatsa,
daga gwangwanin da Yaya Tasalla ta aiko
wanda muke ci da rowa tun bara.

Ta ce, madubi.
Na riƙe mata.
Ita da ta gyara amaren Gusau shekara talatin
ba ta dubi haɓarta ba.
Ni ta duba, ina tsaye a bayanta,
ta kai hannun hagu ƙarƙashin muƙamuƙina,
ta lalubo, ta tsaya.

Ke ma ga naki, Rahane. Guda ɗaya.
Kawo matsefatar.

Motar bas ta wuce, taga ta girgiza.
Na durƙusa a kan kafet,
na ɗaga haɓa.