Lotsawar Ƙofar Hagu

Shekara talatin da ɗaya tana tsugune
bayan rumfar askin tumaki, a gonarmu ta Tacuarembó.
Ƙasa ta ci tayoyinta har wuya,
bishiyar turare ta tsiro ta tsakiyar bodi
ta fi ni tsawo.
Kaji sun mai da kujerar direba akurki,
rina ta yi gida a lagireto.

Na ce zan tashe ta.
Yayana Wilmar ya yi dariya a waya:
"Nélida, sayar da ita a kilo,
kuɗin ya ishe ki gyaran rufi."
Ban amsa ba. Na je na ɗauko Eleuterio.

Tsoho ne, saba'in da 'yan kai,
hannunsa na rawa in ya riƙe ƙoƙon shayin mate,
ba ya rawa in ya riƙe sifana.
Ya zagaya ta sau biyu kamar mai taya saniya,
ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.
"Tsatsa ta ci nama," in ji shi, "ƙashi na nan."

Muka sare bishiya, muka kori kaji,
muka cire fulogi shida, muka ɗura kananzir,
muka jira.
Sati uku fistin bai motsa ba.
Kullum da safe ya rataya jikinsa a ƙarfen juyi,
kullum ta ƙi.
Ba ya zagi. Sai ya ƙara mata ɗigo
ya koma kan bulo ya zauna.
Talata ta huɗu ta ce ƙyas,
ta gusa kamar faɗin farce.
Ya cire hula.

Burki da hannuna na koya,
ni da na tsufa ina ɗaura wa majinyata ruwa,
yau ga ni ina tatse iska daga jijiyar mota.

Da muka zo fenti
na nuna masa lotsawar ƙofar hagu.
"Buga mini wannan ta miƙe.
Bijimi ne ya tunkuye ta, Baba ya sha ba mu labarin."
Ya ajiye guduma.
Ya daɗe yana goge hannun da babu komai a kai.
"Babu wani bijimi," ya ce.
"Ni ne. Ina ɗan sha huɗu, yaron gareji,
na saci tuƙi, na haɗa ta da ginshiƙi.
Da maigidana ya ji, da kashina ya bushe,
mu bakwai ne a gida, ni ke kawo burodi.
Don Anselmo ya dubi ƙofa, ya dube ni,
ya ce: kai, bijimin nan nawa ba shi da kunya."

Shekara sittin ke nan.

Mun shafa kore ko'ina.
Lotsawar kuwa mun bi ta da buroshi a hankali,
mun bar ta yadda take.

Ta tashi ran Asabar da hantsi.
Tari biyu, baƙin hayaƙi,
ɓera ya fito daga salansa a guje,
sannan gurnanin nan
da nake ji daga gado ina ƙarama, gari bai waye ba,
in san Baba ya kama hanya.
Karnuka suka haukace.
Na dafe marfin injin
don kada gwiwoyina su ba ni kunya.

Wilmar na so a kai ta baje koli a ɗaura mata ƙyalle.
Ita ba ta san wannan rayuwar ba.
Jiya na loda mata buhun ulu goma sha biyu,
giya ta biyu na kuka a hawan rafi,
taga ba ta rufuwa, yayyafi na shigowa,
Eleuterio a gefena da ƙoƙonsa a cinya.
A mararraba na ja burki, na sauka,
na bar ƙofar hagu a buɗe.
"Zagayo," na ce.
"Wannan karon da izini."