Shafi Uku a Adum

Mutaru, aje gwangwanin nan.
Kada ka girgiza shi kamar mai kaɗa nono,
banish ba ya shiri da kumfa.
Sanda za ka sa, ka juya a hankali,
yadda ake juya magana a gaban surukai.

Odum ne wannan katakon.
Mako biyu ke nan da sauke shi daga Sokoban,
na bar shi ya kwana ya tashi, ya saba da iskar ɗakin,
don itace, ko an sare shi, bai daina numfashi ba.
Daren jiya na shimfiɗa leda a kusurwa,
na liƙe bakinta.
Ɗaga mu gani.
Ka ga gumin?
To, yau babu shafi.

Yanzu Madam Afrakoma za ta hawo bene,
makullai na kuka a hannunta,
ta ce ɗanta na sauka ran Asabar,
ta ce kuɗinta ba su san damina ba.
Bar ni da ita.
Tonancina na ban haƙuri ya fi na ciniki kyau.

Ina kamar shekarunka, a wani gida a Bantama,
na yi abin da take so.
Ruwa na zuba a kwano, na rufe tagogi,
na ɗora na biyu kan na fari tun yana danƙo.
Ranar ya yi ƙyalli, har na ga haƙorana a ƙasa.
Kwana tara, sai fari ya taso daga ciki
kamar yanar ido,
sannan ya kumbura, ya fashe,
ya dinga saɓa kamar maciji.
Maigidana Baba Gariba bai zage ni ba.
Sanfefa ya miƙo mini, ya tafi masallaci.
Kwana shida ina durƙushe.
Har gobe gwiwata ta hagu tana tuna mini in hadari ya haɗu.

Saboda haka mu jira.
Ran da leda ta wayi gari a bushe,
ka bi jijiyar itace da sanfefa, kada ka gitta mata,
mai kaushi tukuna, mai laushi daga baya.
Ka share garin, ka sake sharewa,
ka bi da tsumma har tafin hannunka ya dawo da tsabta.
Maiƙo, kakin kyandir, tsohon folish,
duk wanda ka bari a ƙasa
zai fito ya ba da shaida a kanka.

Shafi siriri.
Mai kauri a ido ne kawai ya bushe,
cikinsa ɗanye ne kamar ƙosan gaggawa.
Ka fara daga lungu ka nufo ƙofa,
kada ka tsare kanka a tsibiri
kana kiran sunana.
Tsakanin shafi da shafi, kwana guda da ɗan gugar sanfefa,
taga a buɗe kaɗan, ba don rana ta shigo ba,
don warin ya sami hanya.

In mun gama, ni zan gaya mata sauran:
kujera ta sa takalmin ƙyalle,
mai aiki ta matse tsumma kafin ta goge,
tukunyar fure ta zauna a kan faranti,
kafet ya yi haƙurin mako biyu.

Amma kai, abu ɗaya.
Daren shafi na uku, in an ɗauke ruwa,
kashe fitilar ɗakin kafin ka ja ƙofa.
Shinge na fitowa bayan ruwa, haske suke bi.
Akwai wani falo a Asokwa,
kusa da taga ta biyu,
inda fiffike ɗaya ke kwance ƙarƙashin aikina
shekara goma sha ɗaya.
Masu gidan ba su taɓa lura ba.
Ni kuwa, in na bi ta layin,
sai in sauya tsallake.