Inci Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina dukan ƙusa a tashar Talcahuano.
Na san Cormorán tun fentinsa bai bushe ba,
na san inda yake kuka in sanyin kudu ya shigo,
na san haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar wata Talata takarda ta zo daga sama,
hatimi uku, sa hannu biyu:
a sauke igwa mai inci shida, a ɗora mai takwas.
Inci biyu kacal, in ji hafsan da ya karanta mana,
ya gwada da yatsu kamar mai ɗiban gishiri.

Evaristo Millalén bai tanka ba.
Ya zaro alli daga bayan kunne,
ya durƙusa, ya yi lissafi a kan dabe.
Inci biyu a baki, ya ce,
tan arba'in a kafaɗa.

Zoben da igwa ke juyawa a kai ya yi kaɗan.
Muka yanka, muka faɗaɗa,
sai ga bututun tururi a hanya.
Muka kauce wa bututu, muka yi karo da ginshiƙi.
Rijiyar da ke hawo da harsashi
an haƙa ta daidai ƙugun tsohon harsashi ne;
sabon ya tsaya a baki ya cije,
ƙato a rigar ƙaninsa.
Rumbun albarushi ya nemi ƙarin wuri,
aka rushe makwancin masu hura wuta,
mutum goma sha huɗu suka naɗe shimfiɗa
suka koma kwana kusa da kwal.

Ranar awo ruwa na kwance, ko iska babu.
Evaristo ya rataye dalma a zare,
muka tura tubalan ƙarfe daga dama zuwa hagu.
Jirgi ya karkata.
Muka mayar, muka jira.
Ya miƙe dai,
amma irin miƙewar tsoho mai ciwon gwiwa.
Teku ba ta karatun takarda, in ji Evaristo,
kuma hatimi ba ya iyo.

Don kada kai ya rinjayi gindi
aka ɗura masa dalma a ciki, tan sittin.
Ya nutse da taƙi guda.
Sulken da aka yi don tare harsashi
ya koma ƙarƙashin ruwa yana gadin kifi.
Gudu ya ragu, cin kwal ya ƙaru.
Kowace ɓaraka muka ɗinke
sai ta haifi 'yar'uwarta a wani gefen.

Bayan tsibirin Quiriquina aka yi gwaji.
Harbin farko, gilasan ɗakin kyaftin suka zube.
Na biyu, Nicanor mai girki ya fito riƙe da rabin faranti
yana zagin iyayen wanda bai sani ba.
Na uku a tafin ƙafa na ji shi:
ƙusoshina,
waɗanda na daka da hannuna ina saurayi,
suna tsalle kamar gugguru a kasko.
Hafsa na leƙe ta madubin hange, yana murmushi.
Jifa ya ƙara mil uku, ya ce.
Gaskiya ne. Ya ƙara.
Ni kuwa ina rarrafe a dabe, na tsinci goma sha bakwai.

Suna cikin gwangwanin shayi a kan teburina.
Eduvigis ta tambaye ni sau biyu, ta gaji ta bari.
Jiya sunan ɗanmu Baldomero ya fito a allo:
Cormorán, igwar gaba.
Ya shigo da sabuwar hula yana kwatanta girman bakinta
da hannu biyu.

Ban nuna masa gwangwanin ba.
Na raka shi bakin ƙofa, na gyara masa wuyan riga,
na ce: in hadari ya taso, jirgi ya kwanta gefe,
ka riƙa ƙirgawa a zuci.
A da, kafin bakwai yake tashi.
In ka kai goma sha biyu bai tashi ba,
kada ka jira umarnin kowa,
cire takalminka.