Wa Ya Faɗa?

Jan biron Dakta Boakye ya bi shafi na tara,
ya tsaya a gefe, ya tambaya: wa ya faɗa?

Na hau trotro daga Tek zuwa Aboabo
da tambayar a cinya, tana suka kamar ƙaya.
Masanan da suka rubuta tarihin goro
duk na biya su haƙƙinsu:
suna, shekara, shafi, cikin baka biyu,
ko waƙafi ban ci musu ba.
Amma wannan layin,
cewa fatake kan yayyafa wa huhu ruwa kafin asuba
su sake masa ganye a Salaga,
ba a ɗakin karatu na tsince shi ba.

Mma Sahura na tankaɗen garin koko.
Na ce, Mma, wa ya gaya miki?
Ta ce, Baba Ɗanjimma mai jaki bakwai,
shi kuma daga wansa, wanda kogi ya ci.
Ba ta ɗago kai ba.
Abin aro, in ji ta, ko allura ce,
a faɗi mai ita.

Ba ta da shekarar bugu, ba ta da shafi.
Maɗaba'arta bakin murhu.

Da dare wuta ta ɗauke. Na haska waya,
na sa ta a jerin manazarta
inda harafinta ya faɗa,
tsakanin farfesoshi biyu:
Sahura, hira da marubuciya, Aboabo, ranar Laraba.

Da safe na karanta mata.
Ta karkaɗe rariya, ta ce,
kin manta Baba Ɗanjimma.